Ni a Manhaja, Ita a Burauza

Shekara goma sha ɗaya na yi ina koyar da Hausa a wata makarantar 'yan mata a Zariya kafin maigidana ya ɗauko ni ya kawo ni Amurka. A can in na shiga aji sai an miƙe tsaye. A nan kuwa aikin da na samu shi ne kula da wata tsohuwar Baturiya a Germantown: in yi mata wanka, in ba ta magani, in juya ta kada gefenta ya yi gyambo, sannan in zauna ina kallonta tana barci. Ba na raina sana'a, da ita muke rufa wa kanmu asiri. Amma wallahi akwai ranakun da nake wanke mata fo ina tuna ni ce mai duba takardun jarabawar 'yan aji shida.

Abu ɗaya ne ya riƙe mini mutuncina a ƙasar nan, shi ne ajin Asabar. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Hausa, amma ka yi musu magana da ita su mayar maka da Turanci. Abin ya dami iyaye, likitoci da injiniyoyi da nas-nas, Musulminmu da Kiristocinmu 'yan Kaduna da Jos, sai aka yi shawarar a riƙa tara yaran duk Asabar da hantsi a koya musu. Da aka ji ni malamar Hausa ce tun daga gida, sai aka danƙa mini. Ba albashi, sai ɗan kuɗin mai. Ban damu ba. Tafiyar awa guda nake yi a mota, kuma da na sauka sai in ji yara ashirin sun haɗa baki, "Ina kwana, Malama!" Wannan gaisuwar ita nake ci har wata Asabar ɗin ta zagayo.

A gidan Hajiya ake ajin, a Mitchellville. Hajiya matar wani babban likita ce, ta girme ni da kamar shekara goma, kuma ita ce uwar ƙungiyar matanmu. Ba a suna, ba a biki, ba a ta'aziyya sai da saninta. Gidanta yana da ɗakin ƙasa mai faɗi, an malale shi da kafet, ga talabijin a bango kamar ƙofar shago. Nan muke karatu. Ta ja ni a jiki tun zuwana, tana kirana ƙanwata, ina kiranta Yaya in muna mu biyu. Leshin da ta sa sau ɗaya ta gaji da shi, nawa ne. Na ɗauka na yi uwa a baƙon wuri, ashe kura na samu ta riƙe mini akuya.

Wata Asabar bayan yara sun watse muna kicin ina taya ta wanke kofuna, sai ta leƙa falo, ta dawo ta turo ƙofa.

Ta ce, "Zo ki ga wani abu, amma ki riƙe bakinki."

Ta buɗe wayarta. Sai ga wata yarinya Baturiya zaune a bayan koren tebur tana raba kati, tana murmushi, tana kiran sunayen mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Wannan fa ba fim ba ne," in ji Hajiya. "Yanzu-yanzu ake yi. Ina danna nan za ta ba ni nawa katin."

Na ce, "Yaya, ai wannan caca ce."

Ta harare ni. "Caca ita ce ta 'yan tasha a ƙarƙashin gada. Wannan ɗebe kewa ne. Ke da kike wuni da tsohuwa ba mai ce miki ci kanki, me kike yi da ranar? Ƙasar nan kaɗaici kashe mutum yake yi, ƙanwata. Ki sa ɗan abin da ba zai dame ki ba, ki yi dariya, shi ke nan."

Ba zan yi ƙarya ba, ba ta ɗaure mini hannu ba. Na san haramun ce tun ina 'yar Islamiyya. Amma ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, kuma na ce a raina, in dai Hajiya da casbinta da Umararta ta kowace shekara tana yi, to wace ce ni?

Ranar Litinin tsohuwa ta yi barcin rana, na danna adireshin da Hajiya ta turo mini. Shafin ya buɗe, sai ya tsaya yana tambayata: zan ci gaba a burauza ne, ko zan sauke manhajarsu a wayata? Na fi minti goma ina kallon tambayar nan. Zuciyata ta fi kwanta wa burauza, don na ga kamar leƙe ne kawai, ka shiga ka fita ba ka ajiye kayan kowa a ɗakinka ba. Sauke manhaja kuwa kamar ka ba baƙo katifa ne. Na kira Hajiya.

"Manhaja!" Ko numfashi ba ta ja ba. "Sauke manhajar. A burauza hoton tsayawa yake yi, ana cikin rabon kati sai ki ga yarinyar ta daskare baki buɗe, kafin ta dawo an cinye ki. Kuma kullum sai kin rubuta lambar sirri. Ita manhaja fuskarki kawai za ta gani ta buɗe."

Na ce, "To ke me ya sa na ga a burauza kike yi?"

"Wayata ta cika da hotunan biki, ba wuri. Ni ai dole ce ta sa. Ke dai yi abin da na ce."

Na yi abin da ta ce. Kuma gaskiya ɗaya ce, manhajar ta fi daɗi. Hoto tar, murya tar, har ƙarar katin kana ji in an ajiye shi. Na tura alamarta can ƙarshen waya cikin tarkacen da ba na buɗewa, na ce na ɓoye. Wata da watanni ina yi. Wata rana in ci, kwana uku a ci ni, ba zan tsaya lissafi ba don ba shi ne zancen ba. Abin da ban yi wa tanadi ba shi ne manhaja ba ta da kunya, ba ta jira a tambaye ta. In na kwana biyu ban shiga ba sai saƙo ya faɗo a saman waya, wai sun yi kewata, wai ga kyauta. Na sha cewa zan kashe saƙonnin, amma kowanne da 'yar kyautarsa yake zuwa, kwaɗayi ya hana ni. Wannan wautar tawa ce ni kaɗai, ban ɗora wa kowa ba.

Ƙarshen zango muka yi ranar iyaye. Ɗakin ƙasa ya cika, maza a kujeru, mata a kafet, yara sun sha kwalliya. Na haɗa wayata da talabijin kamar yadda na saba, ina nuna hotuna suna faɗin sunayensu da Hausa. Turmi. Taɓarya. Faifai. Iyaye sai tafi suke yi, wata uwa har da hawaye don ɗanta ya ce ludayi. Kaina ya yi girma, ina jin yau dai an san ko ni wace ce. Muna kan hoton tukunya saƙon ya faɗo. A waya ɗan mitsitsi ne, amma a talabijin ɗin nan sai ya fito kamar allon talla, da sunana a jiki. Wata yarinya a sahun gaba ta karanta shi da ƙarfi, da Turancinta mai kyau, tana zaton cikin darasi ne: an buɗe tebur, mai rabon kati tana jirana.

Na ruɗe. Maimakon in share saƙon sai na danna shi. Ina kallon wayar, ita ma tana kallona, ta ga fuskata ta buɗe, daidai yadda Hajiya ta yi mini alkawari. Sai ga Baturiya ta cika bango, rabin ƙirjinta a waje, tana yi mini barka da dawowa.

Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Wadda ta fara magana ita ce Hajiya.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! A gidana? A gaban 'ya'yan mutane?"

Ita ta tashi da kanta ta fizge wayar talabijin daga bango. Na kalle ta, ina jiran ko da ƙiftawar ido ce da za ta ce mini yi shiru zan gyara. Ta kalli bangon da ke bayana kamar ba ta taɓa ganina ba.

Aka kora yara waje, manya suka hau falo. Mijinta, Dokta, mutum ne mai sanyin magana, ya ce kowa yana kuskure, a yi mini nasiha a wuce wurin. Wata nas 'yar Jos mai yara uku a ajin ta ce ita dai 'ya'yanta sun koyi Hausa a hannuna, ba ta ga abin kora ba. Da an bar su su biyu da na tsira. Hajiya ce ta gyara zaman mayafi ta ce, "Ni na kawo ta, ni zan fara cewa ta sauka. Amana muka ba ta. Tarbiyya ba abin wasa ba ce. Yanzu ma kowa ya kamata ya san abin da ke cikin wayarsa. Ga tawa." Ta ajiye ta a tebur a buɗe, tana jan allon da yatsa shafi-shafi. Manhajar Alƙur'ani, ta lokutan salla, ta azkar, ta girke-girke. Fes.

Me ya hana ni magana? Na sha yi wa kaina wannan tambayar. Kunya ce, da kara, da kuma sanin cewa in na ce ita ta koya mini ba mai yarda. Ni mai wankin tsohuwa, ita uwar ƙungiya, ga wayarta a tebur kamar an wanke ta da sabulu. Na sunkuyar da kai na ce a yafe mini. Aka karɓe ajin.

A mota na yi kukana, tun daga Mitchellville har na hau titin 270, ina tuƙi ina share majina da gefen mayafi. Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maigidana ya kwana uku bai ce mini uffan ba, a na huɗu ya ce, "Kin kyauta," ya ɗauki makullin tasinsa ya fita. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Ranar da na zauna zan goge manhajar na tsaya ina dube-dubenta, irin kallon ƙarshe da ake yi wa gidan da za a tashi. Sai na ci karo da wani shafi da ban taɓa buɗewa ba, na gayyato aboki. Na karanta sau uku. Duk wanda ya turo wa wani adireshi, ba ya samun ladansa sai wanda aka gayyato ya sauke manhaja, kuma muddin yana wasa ana yaga wa mai gayyata nasa kason. Tabɗijam! Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wato duk ranar da aka ci ni a ɗakin tsohuwa, Hajiya tana can tana lashe miya. Nan take kuma na tuna ta taɓa yi mini ƙorafi cewa wayoyin gidansu a haɗe suke, duk abin da ɗaya ya sauke sai ya fito a wayar Dokta. Ashe ba hotunan biki ne suka cika mata waya ba. Ta san abin da manhaja take yi wa mutum, ta zaɓa wa kanta burauza, ni ta tura ni gaba.

Na goge manhajar, kuma tun ranar ban sake caca ba, Allah shaida ne. Amma ba tuba ce kaɗai ta hana ni ba. Na samu abin da ya fi caca ɗebe kewa. Na ce Allah ya isa tsakanina da matar nan, sannan na ce wa kaina Allah ya isa kaɗai ba za ta ishe ni ba, sai na gani da idona.

Ban yi zuciya na ƙaurace mata ba, wannan aikin yara ne. Bayan sati biyu na yi dambun nama mai kyau, wanda na san tana so, na tafi har gida na durƙusa.

Na ce, "Yaya, na ba ki kunya. Ki yafe mini."

Ta dafa kaina. Mu biyu ne a ɗakin, ba kowa, amma ko a nan ba ta sauke fuskar ba. "Ba komai, ƙanwata. Shaiɗan ne. Allah ya shirye mu baki ɗaya."

Ka ji fa! Gwano ba ya jin warin jikinsa. Na haɗiye, na ce, "To maganar ajin fa?"

"A bari ƙura ta lafa tukuna."

Ƙura ba ta lafa ba sai a kan 'yar ƙanwarta, wata ɗalibar haɗa magunguna da Hausarta ke ɗingishi. Ita aka ba ajin. Ni kuma Hajiya ta yi mini alfarma, wai in riƙa zuwa ran Asabar ina taya ta soya wa yara cincin da haɗa lemo. Na karɓa hannu bibbiyu. Ina tsaye a kicin ina jiyo yarinyar nan ta ƙasa tana koyar da Hausa da Turanci, yaran suna ta surutunsu ba mai saurarenta. Waɗansu in sun hawo shan ruwa su tsaya a bakin ƙofa su ce, "Malama, yaushe za ki dawo?" Ina juya cincin ina ce musu an kusa. Har cikin raina na yarda an kusa, domin lissafina shi ne, ranar da iyaye suka ga inda ruwan ya ɓullo za su ce ashe Malama jan ta aka yi, su mayar mini da ajina.

Wata bakwai na yi a kicin ɗin nan ina karantar Hajiya kamar littafi. Ba ta daina ba. Takan shige ɗakin ajiyar kayan abinci da waya, ta fito bayan rabin awa fuska a murtuke ko a washe. Kuma na gano lagonta. Hajiya irin manyan nan ce da ba sa rubutu a waya sai saƙon murya, kuma duk abin da ya shige mata duhu sai ta miƙa wa na ƙasa da ita ta ce duba mini. Wata rana ta miƙo mini in nemo mata yadda ake wani kek. Da na buɗe burauzar na ga ɗan akwatin nan na lungu da ke nuna yawan shafukan da ke buɗe. Lambar ta kusa ɗari. Baiwar Allah ba ta san ana rufe shafi ba. A tunaninta in ta danna maɓallin gefe allo ya yi baƙi, to komai ya tafi. Wani ya gaya mata burauza ba ta barin sawu, ta riƙe wannan kamar aya. Na nemo mata kek ɗinta, na mayar mata da waya, na ce Allah ya sa ya yi daɗi.

Da na so da tun ranar na kai wa Dokta. Ina! Ni a gaban jama'a aka yi mini, a ɗakin nan, a bangon nan. Ramuwar da aka yi a ɓoye ai rabin ramuwa ce.

Sai Allah ya kawo bikin 'yarta. Ranar lalle aka tara mata a ɗakin ƙasa bayan azahar: matan ƙungiya kaf, iyayen yaran aji, ga dangin ango da suka zo daga Kano, ga waɗansu matan manya daga unguwar ofisoshin jakadanci. An ɗauko masu zanen lalle har uku. Kowa ya san yadda ranar lalle take, mace in an zana mata ta zama gunki, ba ta ɗaukar cokali, ba ta sosa hanci, wayarta ma sai wani ya amsa mata. Mai lalle ta zo kaina na ce a'a, gobe ina da aiki, wadda nake kula da ita tsoron zanen take yi. Ƙarya nake yi. Na zauna da hannuwana biyu a bushe, ina raba lemo ina kai wa mutane kofi baki.

Uwar amarya aka yi wa na ƙarshe, kuma aka yi mata na kece raini, hannu har gwiwa, ƙafa har ƙauri. Tana zaune a kujera ta baje yatsu a iska sai wata gwaggon ango ta ce ai an turo hoton bidiyon lefe daga Kano, akwatunan suna can ba a iya ɗauko su ba, yana wayar Hajiya. Mata suka ɗauki sowa, a sa a talabijin kowa ya gani! 'Yar ƙanwar tata hannu duk lalle. Amarya na sama. Hajiya ta waiga, ta waiga, idonta ya sauka a kaina.

"Malama, ke ce kika iya abin nan. Ɗauko wayata a jaka ki haɗa mana."

Rabon da ta kira ni Malama tun ranar iyaye. Na ce, "To, Hajiya." Na ɗauko, na kara mata a fuska, ta buɗe. Na haɗa da talabijin, na danna adireshin da aka turo, ya buɗe a burauza.

Na bar su suka kalli lefen. Ban yi gaggawa ba, yarinyar ba ta yi mini komai ba, kuma kayan sun yi kyau. Akwati na ɗaya, atamfofi. Na biyu, lesuka. Ana guɗa, ana sa albarka, Hajiya tana murmushi tana gyaɗa kai kamar ita ta saƙa su. Da aka rufe akwati na huɗu na sa yatsa a kan ɗan akwatin lungun nan.

Shafuka suka baje a bango kamar shanya. Kore, kore, kore, teburin kati ne ko'ina, nan da can kaɗai ake ganin girki ko mayafi.

Na ɗaga murya yadda na baya za su ji. "Au, na ɓata. Hajiya, wanne ne na akwati na biyar? Wannan ne?"

Na danna. Shafin ya nemi suna da lambar sirri, kuma burauzar da ba ta barin sawu ta cike su da kanta, don ta daɗe da haddace su. Na ƙara dannawa sau ɗaya. Wannan karon namiji ne, wani saurayi da jan kwat, yana juya faifai da ɗan farin ƙwallo a ciki. A saman allon ga cikakken sunan Hajiya da na mijinta, ga tambarin zinare na manyan baƙi. Saurayin ya duba gefe, ya yi murmushi, ya gaishe ta da suna, ya ce yau ta makara.

Ba a buƙaci mai fassara ba, rabin ɗakin da Turanci suke cin abinci. Gwaggon ango ce kaɗai ta ce, "Wannan kuma ɗan wa ye a dangin?"

Hajiya ta zabura. Ta manta da lalle, ta manta da ƙafa, ta tako kafet ɗinta mai ruwan madara ta cafke wayar da hannu biyu. Lalle a waya, lalle a leshi, ta kai hannu baki ta shafa shi a kumatu. Tana ta danna maɓallin gefe, wayar ta yi baƙi, ta ɗago tana haki tana kallon mutane.

Na ce, "Ki yi haƙuri, Yaya. Ban saba da burauza ba. Kin san ni manhaja kika ce in sauke, ranar da kika turo mini."

Na ɗauki jakata na hau matakala a hankali, ba wanda ya tare ni.

An ce ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, ni dai ban san zafinta ba, daɗinta na sani. Wallahi na ji daɗi. Na ji daɗi har cikin ƙashina. A hanya na sauke gilashin mota ina dariya ni kaɗai, wani Bature a motar gefe yana kallona. Na isa gida na tuƙa tuwo na ci na ƙara. Masu cewa za ka yi nadama da ka huce, ban san irin zuciyarsu ba. Har yau in na tuna sawun ƙafarta a kafet ɗin nan sai na murmusa, kuma da za a mayar da ni ranar, zan sake dannawa.

An ɗaura aure lafiya, ban je ba. Na zauna jiran kira. Na ciro littattafaina na aji na kaɗe su, har na tsara darasin farko a kan gaisuwar manya. Sati ɗaya, shiru. A na biyu Dokta ya turo saƙo a zauren iyaye na waya, layi uku: saboda wasu dalilai na iyali gidansu ba zai ƙara karɓar taro ba, an dakatar da ajin Asabar, ana godiya. Na ce to, faɗuwa ta zo daidai da zama, yanzu wani zai ce a dawo gidansa, a kira Malama. Aka yi ta turo Allah ya saka da alheri. Ba wanda ya ce ga gidana.

Da na gaji na kira nas ɗin nan 'yar Jos, wadda ta tsaya mini ranar da aka kore ni. Muka gaisa. Na ce falona ba shi da girma, amma in aka ture kujeru zai ɗauki yara goma, mu fara da nata uku.

Ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Zan gaya miki gaskiya don ina ganin girmanki. Na farko tsautsayi ne, kowa ya gani, kuma da kin ƙara haƙuri mun riga mun fara magana a tsakaninmu a mayar da ke bayan biki. Na biyun nan kuwa muna zaune muna kallon hannunki. Wata bakwai kina soya mata cincin kina dariya da ita. Ba na ce ba ta cuce ki ba, ta cuce ki. Amma ni tsoronki nake ji yanzu. Ba zan iya kawo miki 'ya'yana ba."

Ina riƙe da wayar na jiyo ƙaramin ɗanta ya shigo ɗakin, yana tambayarta da Turanci da wa take magana. Ita ma da Turanci ta amsa masa. Ta ce wata mata ce, ya je ya ƙarasa wasansa.